Kwana nawa kifin ado na betta zai iya yi ba abinci idan mai shi ya yi tafiya?

A duk shekara idan lokacin hutu ya zo a ƙasashen Turai da Amurka, musamman a watannin Yuli da Agusta da kuma ƙarshen Disamba, ɗimbin iyalai kan kulle gidajensu su yi balaguro na mako guda ko biyu.

Mai kare kan kai karensa gidan ajiyar dabbobi, mai kyanwa kuma ya damƙa ta ga maƙwabci. To amma mai kifin ado ba ya iya ɗaukar tankin gilashi cike da ruwa ya shiga mota ko jirgi da shi.

Wannan ne ya sa masu kiwon wani ɗan ƙaramin kifi mai suna betta ke yawan yin tambaya guda: shin za a iya barin sa a gida ba abinci, kuma har tsawon kwana nawa?

Amsar da ƙwararru a harkar kiwon kifin ado ke bayarwa ta saɓa wa abin da akasarin mutane ke zato. Sun ce lafiyayyen kifi kan jure rashin abinci na 'yan kwanaki ba tare da wata illa ba, kuma abin da ya fi kashe shi idan mai shi ba ya nan shi ne gurɓacewar ruwa, wadda sau da yawa yawan abinci ne ke haddasa ta.

Asalin kifin

Kifin betta, wanda masana kimiyya ke kira Betta splendens, ya samo asali ne daga kudu maso gabashin Asiya, musamman ƙasar Tailan, wadda a da ake kira Siyam, da kuma maƙwabtanta da ke yankin kogin Mekong.

A can yana rayuwa ne a gonakin shinkafa, da fadamu, da magudanan ruwa marasa zurfi masu yawan ciyayi.

Mutanen Tailan na kiran sa pla kat, wato kifi mai cizo, saboda idan aka haɗa maza biyu wuri guda sai su kama faɗa. An daɗe ana kiwon sa a can domin wasan faɗa da ake yin caca a kansa, kafin daga baya a koma kiwon sa saboda kyan launinsa da dogayen fukafukansa.

Wani bincike kan ƙwayoyin halittarsa da masana a Jami'ar Columbia ta Amurka suka jagoranta, wanda aka wallafa a shekarar 2022, ya nuna cewa an yi aƙalla shekaru 1,000 ana kiwon sa. Masanin kifaye na Birtaniya, Charles Tate Regan, shi ne ya ba shi sunansa na kimiyya a 1910. A watan Fabrairun 2019 kuma gwamnatin Tailan ta ayyana shi a matsayin dabbar ruwa ta ƙasa.

Tsawonsa bai cika wuce santimita 7 ba, kuma yakan rayu shekaru 2 zuwa 4 idan ya samu kulawa, wani lokaci ma fiye da haka.

Yana da wata gaɓa ta musamman a cikin kansa da ke ba shi damar leƙowa saman ruwa ya shaƙi iska kai tsaye, kamar yadda tarwaɗa da gaiwa ke yi, ko da yake tsarin gaɓoɓin nasu ya bambanta da nasa.

Wannan baiwa ce ta sa ake iya sayar da shi a cikin ɗan kofi a kantuna, kuma ita ce ta sa jama'a da dama ke ɗaukar sa a matsayin kifin da ba ya mutuwa da wuri, kuma ba ya buƙatar komai. Wannan fahimta kuskure ce. Yana iya shaƙar iska, amma ba ya da kariya daga gubar da ke cikin ruwa.

Dalilin da ya sa yake jure yunwa

Jikin ɗan Adam, da na tsuntsaye, da na dabbobi masu shayarwa na ƙona abinci dare da rana domin riƙe zafin jiki a mataki guda. Kaso mai yawa na abin da suke ci na tafiya ne a wannan aiki.

Kifi irin betta ba ya yin haka. Zafin jikinsa na bin zafin ruwan da yake ciki. Saboda haka ƙarfin da yake buƙata ya yi ƙasa ƙwarai, kusan kashi ɗaya cikin goma na abin da dabba mai shayarwa mai girmansa za ta buƙata.

Idan abinci ya yanke, jikin kifin kan fara amfani da sukarin da ya adana a hanta, daga nan ya koma kan kitse. Idan yunwar ta yi tsawo sai ya fara cin tsokar jikinsa. A wannan mataki na ƙarshe ne ake samun illa ta gaske: kifin ya rame, garkuwar jikinsa ta yi rauni, cututtuka su samu ƙofa.

Ko a inda ya fito, ba kullum yake samun abinci ba. Yana farautar tsutsar sauro ne, da ƙananan ƙwari da ke faɗowa kan ruwa, da wasu ƙananan halittun ruwa. Wata rana ya samu da yawa, wata rana ya kwana haka.

Su ma 'yan kasuwar da ke fitar da kifin ado daga ƙasashen Asiya zuwa Turai da Amurka da gangan suke hana shi abinci na kwana ɗaya ko biyu kafin su zuba shi a leda su ɗora a jirgi. Dalili shi ne kifin da cikinsa ba komai ba ya ɓata ɗan ruwan da ke cikin ledar.

Masu kiwo da yawa ma kan ware rana guda a mako ba su ba shi komai, domin cikinsa ya huta.

To kwana nawa ke nan?

Babu wani adadi guda da ya dace da kowane kifi, domin abin ya danganta da shekarunsa, da lafiyarsa, da girman tankinsa, da kuma zafin ruwa. Sai dai akwai ƙiyasin da masu wannan harka suka yi ittifaƙi a kai.

Tafiyar kwana 2 zuwa 4, kamar ta ƙarshen mako, ba ta buƙatar wani tanadi na abinci. A ciyar da shi kamar yadda aka saba kafin a fita, shi ke nan.

Idan tafiyar ta kai kwana 5 zuwa 7, lafiyayyen babban kifi da ke cikin tanki mai tsabta da matatar ruwa zai iya kai wa, amma ya fi dacewa a samu wanda zai leƙa shi ko da sau ɗaya ko biyu.

Ana yawan cewa betta kan kai kwana 10 zuwa 14 a raye ba abinci. Hakan na faruwa, amma wannan ita ce iyakar abin da jikinsa zai iya jurewa, ba tsarin da mutum zai yi shirin tafiya a kansa ba. Kifin da ya kai wannan matsayi na iya kasancewa da rai ranar da mai shi ya dawo, amma ya kamu da cuta bayan 'yan kwanaki.

Tafiyar da ta wuce mako biyu kuwa, kamar ta aikin Hajji ko dogon hutun makaranta, ba a barin kifi shi kaɗai a cikinta ko da wace irin na'ura aka tanada. Dole a samu mai kula da shi, ko a kai shi gidan wani.

Wannan ƙiyasi bai shafi ƙananan 'ya'yan kifi ba, waɗanda ke buƙatar ci sau da dama a rana, haka nan bai shafi tsohon kifi, ko marar lafiya, ko wanda aka sayo kwanan nan ba. Waɗannan ba su da isasshen kitsen da zai riƙe su.

Haɗarin da ke cikin ruwa

Abincin kifin betta na ɗauke da sinadarin gina jiki mai yawa. Idan ya ci, jikinsa kan fitar da wani sinadari mai guba da ake kira amoniya, akasari ta gaɓoɓin numfashinsa da ke gefen kai. Abincin da bai ci ba, wanda ya nutse ƙasa ya ruɓe, shi ma amoniya yake fitarwa.

A gonar shinkafa ruwa na da faɗi, kuma tsirrai na zuƙe wannan sinadari. A cikin tanki kuwa ba shi da inda za shi.

Abin da ke ceton kifin shi ne wasu ƙwayoyin bakteriya masu amfani da ke zaune a cikin matatar ruwa da kan tsakuwar da ke ƙasan tanki. Wani rukuni daga cikinsu na sauya amoniya zuwa naitirait, wanda shi ma guba ne domin yana hana jinin kifi ɗaukar iskar oksijin. Wani rukunin kuma na sauya naitirait zuwa naitiret, wanda illarsa ba ta da yawa, kuma ana rage shi ta hanyar sauya wani sashe na ruwan lokaci zuwa lokaci.

Waɗannan ƙwayoyi kan ɗauki kimanin makonni 4 zuwa 6 kafin su yawaita a sabon tanki. Kuma yawansu na daidai ne da yawan dattin da suka saba samu. Idan aka zuba abincin mako guda a rana ɗaya, aikin ya fi ƙarfinsu.

A nan ne girman mazubi ke da muhimmanci. Abinci ɗaya da ya ruɓe a kwalba mai cin lita 2 zai sa gubar ta ninka sau goma idan aka kwatanta da tanki mai cin lita 20. Shi ya sa ƙwararru ke ba da shawarar kada tankin betta ya gaza lita 19 ko 20, tare da matata da na'urar ɗumama ruwa.

Ma'ana, mutumin da tausayi ya sa ya juye wa kifinsa abinci mai yawa a ranar tafiya, shi ne ya fi jefa shi cikin haɗari. Kifin ba zai ajiye saura don gobe ba. Zai ci har cikinsa ya kumbura, sauran kuma ya ruɓe a ruwan da yake numfashi a ciki.

Maƙwabci da na'ura

Hanya mafi inganci ita ce a samu mutum mai amana ya riƙa zuwa duk bayan kwana biyu ko uku. Sai dai a nan ma akwai matsala.

Betta kifi ne da kan taso gaban gilashi da zarar ya ga mutum, yana kaɗa fukafukai kamar mai roƙo. Wanda bai san shi ba sai ya ɗauka yunwa yake ji, ya ƙara masa, gobe ma ya ƙara. Alhali 'yan ƙwayoyin abinci kaɗan, waɗanda zai cinye cikin minti ɗaya ko biyu, sun ishe shi.

Dabarar da masu kiwo ke bi ita ce su auna abincin kowace rana su ƙulle daban, ko su zuba a irin akwatin nan na magani mai ɗakuna bakwai, sannan su ɓoye babban gwangwanin. Kuma su gaya wa mai kula cewa idan ya tsallake rana, kada ya haɗa rabon kwana biyu ya zuba a lokaci guda.

Zuwan mutum na da wani amfani da ya fi ciyarwa. Shi ne zai ga ko matata ta tsaya, ko ruwa ya yi duhu, ko gilashi na yoyo.

Akwai kuma na'urar ciyarwa mai aiki da batir, wadda ke juyawa a lokacin da aka saita ta ta zubar da abinci. Tana da amfani, amma akasarin irin waɗannan na'urori an ƙera su ne domin tanki mai kifaye da yawa, don haka sukan zubar da fiye da abin da kifi guda ke buƙata. Tururin ruwa kuma kan jiƙa abincin ya dunƙule ya toshe ƙofar. Wanda zai yi amfani da ita ya kamata ya gwada ta na tsawon mako guda yana gida yana gani.

Hanya ta uku ita ce wani dunƙulen abinci da ake sayarwa a kantuna, wanda ake jefawa a ruwa ya riƙa narkewa sannu a hankali. Masu kiwon betta da dama ba sa son sa. Irin farin nan mai kama da alli kan narke ko kifin ya ci ko bai ci ba, ya dagula ruwa, kuma betta, da yake ya saba cin abin da ke saman ruwa, sau da yawa ba ya kula shi.

A wajajen shekarar 2000 an yi yayin sayar da betta a Amurka a cikin tulun gilashi da furen da saiwarsa ke cikin ruwa, ana cewa kifin zai rayu da cin saiwar. Wannan ba gaskiya ba ne, domin betta maci nama ne. Tsirrai masu rai na taimakawa wajen tsabtace ruwa, amma ba abincinsa ba ne.

Shiri kafin tafiya

Shirin tafiya na farawa ne tun mako guda kafin ranar. A wannan lokaci a ci gaba da ciyar da kifin yadda aka saba, a kuma lura da shi ko akwai alamar rashin lafiya.

Kwana ɗaya ko biyu kafin tafiya a sauya kashi 25 zuwa 50 cikin 100 na ruwan, a tsotse dattin da ke cikin tsakuwa. Ruwan famfo na ɗauke da kulorin, wanda ke kashe kifi da ƙwayoyin bakteriya masu amfani, don haka sai an zuba masa maganin da ke kashe kaifinsa. Ya kamata kuma zafin sabon ruwan ya yi daidai da na tsohon.

Dalilin yin haka da wuri shi ne idan wata matsala ta biyo baya, mai kifin na nan zai gani.

Wani kuskure da ake yawan yi shi ne wanke komai tas kafin tafiya, ko sauya soson matata da sabo. Yin haka na kawar da ƙwayoyin da ke cinye guba a daidai lokacin da aka fi buƙatar su. Idan matata ta toshe, a ɗauraye sosonta a cikin tsohon ruwan tanki kawai.

Haka nan ba a sa sabon kifi, ko sabon ado, ko a gwada sabon abinci a makon tafiya.

A rufe tankin da murfi, domin betta na tsalle ya faɗo waje, kuma murfi na rage ƙafewar ruwa. Amma a bar sarari tsakanin ruwa da murfin, da ƙofar shigar iska, tun da kifin na leƙowa ya shaƙa.

Fitila kuma kada a bar ta a kunne dare da rana. Kifin na buƙatar duhu domin ya huta, kuma haske marar yankewa na sa gansakuka ta cika tanki. Ko dai a haɗa ta da agogon da ke kunnawa da kashewa, na kimanin sa'o'i 8 a rana, ko a kashe ta a bar hasken ɗaki. Kada dai rana ta riƙa dukan gilashin kai tsaye.

Zafi da sanyi

Betta ɗan ƙasa mai zafi ne, kuma ya fi jin daɗin ruwa mai zafin digiri 24 zuwa 28 a ma'aunin Selshiyos.

Gwargwadon ɗumin ruwa, gwargwadon saurin da jikin kifi ke ƙona abinci. A ƙa'idar da masana ke amfani da ita, ƙarin digiri 10 kan kusan ninka wannan sauri sau biyu. Bugu da ƙari, ruwa mai ɗumi ba ya riƙe oksijin da yawa, kuma gubar amoniya ta fi kaifi a cikinsa.

Saboda haka wasu kan saita na'urar ɗumama ruwa a kan digiri 24 ko 25 kafin tafiya, domin kifin ya rage buƙatar abinci. Sai dai ba a sauka ƙasa da haka, domin sanyi na raunana shi.

A Turai da Amurka matsalar takan zo ne idan masu gida sun kashe na'urar ɗumama ɗaki a lokacin hunturu, ko na'urar sanyaya ɗaki a lokacin bazara, suka manta cewa akwai mai rai a gidan.

Ga masu ajiye kifin ado a birane irin su Kano, da Kaduna, da Yamai, abin lura ya ƙaru. A watannin Afrilu da Mayu zafi kan haura digiri 40 a wasu daga cikinsu, kuma ɗakin da aka kulle tagoginsa na iya dafa ɗan ƙaramin tanki. A lokacin hunturu kuma sanyin dare kan sauka ƙasa da digiri 15. Ga kuma ɗaukewar wutar lantarki, wadda ke tsayar da matata, kuma idan ta daɗe a tsaye ƙwayoyin da ke cikinta kan fara mutuwa. A irin wannan yanayi, samun mai leƙawa ya fi kowace na'ura.

Bayan an dawo

Idan mai kifi ya dawo, abu na farko shi ne duba ruwa, ba zuba abinci ba. A kwashe duk wani abin da ya ruɓe, a sauya wani sashe na ruwan. Wanda ke da kayan gwajin ruwa ya auna: amoniya da naitirait ya kamata su nuna sifili.

Daga nan a ba kifin rabin abin da ya saba ci, a riƙa ƙarawa a hankali cikin kwana biyu ko uku. Ramuwar abin da ya rasa a lokaci guda na iya kumbura masa ciki, har ya kasa daidaita kansa a ruwa.

A kuma lura da shi na 'yan kwanaki. Fukafukan da suka manne a jiki ko gefensu ya fara zaizayewa, da fararen ɗigo-ɗigo kamar gishiri, da kwanciya a ƙasan tanki, da dusashewar launi, duk alamu ne na cewa ya wahala.

Doka da haƙƙi

Wasu na iya ganin cewa duk wannan ɗawainiya ta yi yawa a kan kifin da bai kai tsawon yatsa ba. Amma ra'ayin masana da na hukumomi ya sauya a kan wannan batu.

A shekarar 2003 wata masaniya a Birtaniya, Lynne Sneddon, da abokan aikinta suka wallafa binciken da ya gano cewa wani nau'in kifi na da jijiyoyin da ke gane abin da ke cutarwa, kuma halayyarsa na sauyawa idan aka cutar da shi. Har yanzu akwai masanan da ke jayayya kan ko kifi na jin zafi kamar yadda mutum ke ji, amma binciken ya yi tasiri sosai.

A 2005 hukumar birnin Rum na Italiya ta haramta ajiye kifi a cikin kwalbar gilashi mai siffar ƙwallo. A Ingila da Wales kuma, dokar kare haƙƙin dabbobi ta 2006 ta haɗa da kifin da mutum ke kiwo, inda ta wajabta masa samar da muhalli da abincin da suka dace. Dokar ta kuma ce mai dabba na nan a matsayin mai alhakinta ko da ya bar ta a hannun wani.

Ga Musulmi wannan ba sabon abu ba ne. Sanannen hadisi ne, wanda Bukhari da Muslim suka ruwaito, cewa an azabtar da wata mata saboda kyanwar da ta tsare har ta mutu, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abinci da kanta ba. Malamai na kafa hujja da shi cewa duk wanda ya killace dabba, ciyar da ita da kula da ita sun rataya a wuyansa.

Kifin da ke cikin gilashi ya fi kyanwa rashin mafita, domin ba abinci kaɗai ba, hatta ruwan da yake rayuwa a ciki a hannun mai shi yake.

Shi ya sa masu kiwon kifin ado ke cewa wanda zai yi tafiyar 'yan kwanaki ya bar wa kifinsa ruwa mai tsabta maimakon tulin abinci, wanda tafiyarsa za ta yi tsawo kuma ya nemi mai kula tun kafin ya sayi tikiti.